Kafin ku ajiye kujerar amintattu saboda saƙon muryar nan, ga abin da dokar CAMA ta ce

Sati biyu kenan wani saƙon murya yana yawo a guruf-guruf na WhatsApp, wani mutum ne yake magana da ƙarfin gwiwa kamar a gabansa aka rubuta dokar, yana cewa duk wanda sunansa ke cikin kwamitin amintattu na ƙungiyar agaji, musamman masu taimakon 'yan gudun hijira, ya yi maza ya cire sunansa, wai gwamnati ta yi sabuwar doka za ta sauke amintattu ta ɗora nata mutanen, ta kwashe kuɗin asusu, in kuma aka samu giɓi ko na naira ɗaya ne a sayar da gidanka a kuma ɗaure ka. A tamu ƙungiyar mu bakwai ne amintattu, ba wanda ake biya ko sisi, aikinmu nemo hatsi da barguna da kuɗin makarantar yaran da suka baro ƙauyukansu saboda 'yan bindiga. Mutum biyu sun riga sun ce za su sauka. Ɗaya daga ciki wata Hajiya ce da ta fi mu duka zirga-zirga, ta kira ni bayan isha'i ta ce, "Malam, ka san gidan nan na marayu ne, ni ba zan ja musu ba." Wallahi maganar ta tsaya min a rai, shi ya sa na ɗauko dokar na karanta, na kuma je na zauna da lauyan da ya yi mana rajista.

Da farko dai dokar ba sabuwa ba ce. Dokar kamfanoni ce da ake kira CAMA, wadda marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta 2020, ta maye gurbin ta 1990. Ɓangarenta na F, daga sashe na 823 zuwa 850, shi ne ya shafi ƙungiyoyi masu rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa (CAC), wato masallatai da coci-coci da ƙungiyoyin gari da na tsofaffin ɗalibai da na agaji irin tamu, duk kwando ɗaya aka zuba mu. Babu wani layi a ciki da ya ware masu taimakon 'yan gudun hijira. Mai kai abinci sansani a Maiduguri, da mai kula da 'yan Kamaru da suka tsallako Ogoja ko Gembu, da ƙungiyar 'yan ƙwallo ta unguwa, hukuncinsu ɗaya ne.

To ina mai saƙon ya samo maganar saukewa? Daga sashe na 839, kuma gaskiya ba daga iska ya ɗauko ba. Ƙaramin sashe na 1 ya ce hukumar CAC na iya dakatar da amintattu ta naɗa manajan riƙo idan tana da dalilin yarda cewa an yi ba daidai ba wajen gudanarwa, ko ana damfara, ko don kare dukiyar ƙungiya, ko don abin da dokar ta kira maslahar jama'a. In a nan mutum ya tsaya da karatu dole gabansa ya faɗi. Amma ƙaramin sashe na 2 da ke biye da shi ya ce dakatarwar da umarnin kotu za a yi ta, bayan hukumar ko kashi ɗaya cikin biyar na 'yan ƙungiya sun shigar da ƙorafi, kuma sai sun kawo hujja. Can ƙarshen sashen kuma aka ce hukumar ba za ta yi amfani da wannan iko ba sai da amincewar minista. Kun ga inda rikicin yake, layi ɗaya ya ba hukuma wuƙa, na biye da shi ya ce naman yana hannun alƙali, ga kuma ƙaramin sashe na 7 da ya sake ba hukumar damar cire amintacce bayan ta yi bincike. Lauyoyi kansu sun yi ta jayayya a kan wanne ne ke gaba da wanne tun 2020, kuma a ganina laifin masu rubuta dokar ne, sun kwaikwayo tsarin hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ta Ingila amma ba su tsaya sun daidaita layukan ba. Ita kuma kalmar maslahar jama'a roba ce, kowa na iya ja ta kai inda yake so. Wanda ya tuna yadda sojoji suka rufe ofisoshin wasu manyan ƙungiyoyin agaji biyu na ƙasashen waje a Arewa maso Gabas a watan Satumba 2019, ba zan ce masa tsoronsa shirme ba ne.

Abin da mai saƙon bai faɗa ba kwata-kwata shi ne an je kotu a kan wannan sashe. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi ƙara, a 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta hana hukumar taɓa amintattun coci-coci. Sannan a watan Afrilu na 2023, a ƙarar da wani lauya Emmanuel Ekpenyong ya shigar, Mai shari'a James Omotosho ya soke sashe na 839 da 842 zuwa 848 da 851, ya ce sun ci karo da 'yancin addini da na kafa ƙungiya da tsarin mulki ya bayar a sashe na 38 da na 40. Wato abin da ake razana mu da shi yau a matsayin sabon labari, alƙali ya riga ya yi magana a kansa. Sai dai a kula, hukuncin Babbar Kotu ne, sama da ita akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara da Kotun Ƙoli, don haka kar wani ma'aji ya ce shi kenan ya huta da rubuta lissafi. CAC na nan tana karɓar rahoton shekara ta shafinta na intanet, kuma bankuna da masu ba da tallafi suna duba ko sunan ƙungiya na raye a rajistar kafin su yi hulɗa da ita.

Yanzu maganar ɗauri, don ita ce ta hana Hajiya barci. Eh, akwai ɗaurin wata shida a sashe na 839, ko tara, ko duka biyun. Amma ba a kan giɓin lissafi aka sa shi ba, ba kuma a kan rasit ya ɓata ba. An sa shi ne ga wanda kotu ta ba umarni ya take, misali alƙali ya ce kar a taɓa kuɗin da ke asusu ko kar a rabu da wata kadara ta ƙungiya har a gama shari'a, kai kuma ka je ka cire kuɗin ko ka sayar da motar. Kafin a kai nan sai an yi ƙorafi, an saurare shi, an ba da umarni, sannan ka karya shi. Tsakanin wannan da "naira ɗaya ta ɓata a ɗaure ka" akwai tafiya mai nisa.

Gida kuma, ai amfanin rajistar kenan tun asali. Da zarar an ba da satifiket, amintattu sun zama jiki ɗaya a idon doka, ƙungiyar na mallakar fili da sunanta, ta yi ƙara da sunanta, a kuma yi ƙararta da sunanta. In muka ci bashin mai hatsi buhu hamsin muka kasa biya, ƙungiya zai nema, ba gidan marayun Hajiya ba. Inda abin ke komawa kan mutum shi ne in shi da kansa ya ci amana, ya karkatar da kuɗi ko ya sa hannu a takardar ƙarya, wannan kam ko babu CAMA akwai dokar laifuka kuma akwai EFCC.

Sashen da ni nake ganin ya fi cancanta mu ji tsoro, ba wanda ke magana a kansa, kuma ba ya cikin waɗanda alƙali ya soke. Sashe na 838 ne. Ya ce kuɗi da dukiyar ƙungiya ana kashe su ne kawai a kan manufar da aka rubuta a tsarin mulkinta, ba a raba wa 'yan ƙungiya komai da sunan riba ko garaɓasa. Ana iya ɗaukar ma'aikaci, direba ko akawu ko mai gadin sito, a biya shi albashi daidai aikinsa. Amma ɗan majalisar gudanarwa ba a naɗa shi muƙami mai albashi a ƙungiyar, in ban da wanda muƙaminsa ne ya shigo da shi majalisar tun farko. Abin da aka yarda a ba shi uku ne: a mayar masa da abin da ya kashe daga aljihunsa, a biya shi haya daidai misali in ɗakinsa ko shagonsa ƙungiya ke amfani da shi, sai kuma lada daidai misali na wani aiki da ya yi. Wanda ya saɓa da saninsa, ko ya haɗa kai aka saɓa, shi zai dawo da kuɗin daga aljihunsa.

A nan ne mutanen kirki ke zamewa ba su sani ba. An tashi taro sai ciyaman ya ce a ba kowa dubu goma na mai, ba wanda ya kawo rasit, ba a rubuta a littafin taro ba, wata ya zo a sake, a shekara ya zama alawus. Ko kwangilar barguna ta fito, ƙanin ma'aji yana da shago a kasuwa, a ce ai namu ne a ba shi, ba a tambayi farashi wurin mutum biyu ko uku ba. Ko a karɓi kuɗi da sunan makarantar yara, sai rashin lafiya ta taso wa wani amintacce a ce a ranta masa daga ciki zai mayar. Ba wanda ya yi niyyar sata a cikin ukun nan, na sani, amma ranar da aka ɓata da wani a ƙungiya su zai fara ɗaukowa. Maganar lada daidai misali ita ma tana da santsi, domin dokar ba ta yanka adadi ba. Abin da lauya ya ce mana shi ne, in amintacce likita ne ko magini kuma dole shi zai yi aikin, to ya fita daga ɗakin lokacin da ake yanke shawara, a rubuta cewa ya fita, a rubuta farashin da wasu suka bayar, sannan a biya ta banki ba hannu da hannu ba. Mu dai mun zaɓi mu rufe ƙofar gaba ɗaya, kuɗin mota da rasit kawai.

Akwai kuma maganar kwashe asusu, wadda ta fito daga sashe na 842 zuwa 844. Abin da aka rubuta shi ne in asusun ƙungiya ya daɗe ba motsi har banki ya ɗauke shi a matsayin wanda ya kwanta, bankin zai sanar da CAC, ita kuma ta nemi shaidar cewa ƙungiyar na aiki, in ba a ba da amsa mai gamsarwa cikin kwana 15 ba tana iya rusa ƙungiyar a miƙa kuɗin ga wata ƙungiyar. Ba baitulmali za a kai ba kamar yadda ake yaɗawa, kuma waɗannan sassan na cikin waɗanda aka soke a 2023. Amma ni tun farko ban ga adalci a kwana 15 ba. Aikin gudun hijira ba kullum yake tafiya daidai ba, in an kai hari ko ruwa ya ci gari kamar ambaliyar Maiduguri ta Satumba 2024 kuɗi na shigowa dare da rana, in ƙura ta lafa sai a yi watanni ba ko kwabo, sakataren ma malamin makaranta ne da ba kullum yake buɗe imel ba. Haka rahoton shekara, wanda dokar ta ce a miƙa tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba tare da lissafin da odita ya duba, ga kuma bayanin halin ƙungiya sau biyu a shekara. Babbar ƙungiya mai ofis a Abuja da akawu biyar ba za ta ji komai ba, mu kuwa kuɗin odita ɗaya buhunan masara ne da za su riƙe gidaje da dama.

Wanda ba zai iya zama amintacce ba, a taƙaice: yaro, da wanda kotu ta tabbatar yana da taɓin hankali, da wanda kotu ta ayyana ya karye bai fita daga bashi ba, da wanda aka samu da laifin damfara ko rashin gaskiya cikin shekara biyar kafin naɗin.

Masu shirin sauka kuma su sani, fita daga guruf ko cewa "na ajiye" a taro ba ya cire suna daga rajistar CAC. Sai babban taro ya zartar, a cike fom, a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, sannan hukuma ta amince da canjin. Kafin nan sunanka na kan satifiket, sai dai yanzu ba ka zuwa taro ba ka ganin littafin kuɗi, wato ka bar sunanka a wurin da idonka ba ya kai, wanda ya fi zaman haɗari.

Na koma wurin Hajiya ranar Juma'a da kwafin sassan nan, babban ɗanta ya karanta mata yana fassarawa, ta ce za ta zauna amma da sharaɗi, duk wata sai ma'aji ya kawo takardar banki an karanta a gaban kowa, kuma cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu. Mun amince, an rubuta. Baba Alhaji, ɗayan da ya ce zai sauka, har yanzu bai ba mu amsa ba, ya ce sai ya yi shawara da 'ya'yansa. Ranar Asabar akwai rabon barguna, gida arba'in da biyu ne a jerin, shi ne kuma ke riƙe da makullin sito.