Waiwaye: Yadda gajeruwar nasiha kan barasa ta isa gadon masu rauni

A shekarun 1950, idan aka kawo mashayi sashen agajin gaggawa a Amurka, abin da ake yi masa bai wuce a wanke ciwo, a ɗinke, a sallame shi ba. Wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Morris Chafetz, da ke aiki a babban asibitin Massachusetts a birnin Boston, ya lura cewa da ƙyar ake samun wanda ke dawowa neman taimako kan shan da ya kai shi asibitin. Sai ya shirya a riƙa tarbar irin waɗannan mutane tun a wurin, a saurare su cikin mutunci, a nuna musu inda za su je. Sakamakon da ya fito a 1962 ya nuna kusan kashi 65 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa haka sun dawo ganin likita, alhali cikin waɗanda aka sallama yadda aka saba kusan kashi 5 ne kawai suka dawo.

A 1977, Griffith Edwards da abokan aikinsa a Landan suka gwada magidanta 100 masu matsalar sha. Wasu an ba su cikakkiyar kulawa ta watanni, wasu kuwa zama ɗaya aka yi da su na nasiha. Bayan shekara guda ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba. Daga nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigo, ta samar da tambayoyi goma da ake kira AUDIT, waɗanda aka gwada a ƙasashe shida har da Kenya, don gano mai shan da ya fara cutar da shi tun kafin ya zama kamamme. A 1983 kuma William Miller ya bayyana wani salon tattaunawa da babu faɗa ko gori a ciki: a gaya wa mutum abin da gwaji ya nuna, a tambaye shi yadda yake ganin lamarin, a bar shi ya furta da bakinsa abin da yake so ya canza.

Binciken da ya fi girgiza likitocin tiyata shi ne na Larry Gentilello a asibitin Harborview da ke Seattle, wanda aka wallafa a 1999. Kusan rabin masu raunin da aka tantance an same su da alamar matsalar barasa. An raba mutum 762 gida biyu, aka zauna da rukuni ɗaya na kimanin rabin awa kafin sallama. Bayan shekara, waɗannan sun rage abin da suke sha a mako da kusan kofi 22, ɗaya rukunin kuwa da kusan 7. Sake komawa asibiti da sabon rauni ma ya ragu da kusan rabi, ko da yake wannan adadin bai yi ƙarfin da za a yanke hukunci da shi kaɗai ba.

Abin da ya fi damuna a wannan tarihi shi ne dalilin da ya sa likitoci suka daɗe ba sa ma tambayar majinyaci game da shan barasa. Tun 1947 akwai wani samfurin doka da jihohin Amurka da yawa suka ɗauka, wadda ta ba kamfanonin inshora damar ƙin biyan kuɗin jinyar wanda ya ji rauni yana cikin maye. An yi ta ne da nufin tsorata mashaya. Abin da ta haifar shi ne likita ya ƙi auna barasa a jinin majinyaci, don kada a bar shi ko asibitin da bashi. Mutum ya tsira da kuɗinsa, ya fita ba wanda ya ce masa uffan, ya dawo bayan wata shida da karaya ta biyu. Sai a 2001 ƙungiyar masu sa ido kan inshora ta janye goyon bayanta ga wannan tsari, kuma a 2006 Kwalejin Likitocin Tiyata ta Amurka ta wajabta wa manyan cibiyoyin kula da masu rauni su riƙa tantancewa tare da yin nasihar.

Birtaniya ta bi tata hanyar. A Cardiff, inda likitan tiyatar fuska Jonathan Shepherd ya daɗe yana ɗinke samarin da aka fasa wa fuska da kwalba a mashaya, an koya wa ma'aikatan jinya su yi maganar a lokacin cire zaren ɗinki, sa'ad da maye ya sake kuma saurayi na kallon tabon da zai rayu da shi. A asibitin St Mary's na Landan an gano cewa idan aka jinkirta ganawar majinyaci da mai yi masa nasiha kan barasa na kwana biyu kacal, masu zuwa kan ragu da kusan rabi. A bugi ƙarfe da zafinsa ke nan.

Ba duk gwaji ne ya fito da daɗi ba. Wani babban bincike a sassan gaggawa tara na Ingila, da aka wallafa a 2014, bai ga fifikon nasihar minti 20 a kan sanar da mutum sakamakonsa da miƙa masa takardar bayani ba. Wasu sun ɗauki hakan a matsayin gazawa. Ni a ganina ya nuna cewa tambayar kanta, idan an yi ta da gaske, tana ɗauke da kaso mai yawa na amfanin, kuma hakan labari ne mai kyau ga asibitocin da ma'aikata ba su wadata ba. A Moshi ta Tanzaniya an riga an daidaita irin wannan nasiha da harshen Swahili, nas-nas ne ke yin ta ga masu rauni.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutum miliyan 2.6 da barasa ta yi sanadin mutuwarsu a 2019, fiye da 700,000 raunuka ne suka kashe su: haɗarin mota, faɗa, da kashe kai. A wajenmu, inda shan barasa abin kunya ne, kuma a jihohin da ke bin shari'ar Musulunci laifi ne mai hukuncin bulala, direba ko ɗan acaɓan da aka kawo daga haɗari yana da dalilin yin shiru da ya fi na Ba'amurken da ke tsoron kamfanin inshora. Gadonsa kewaye yake da masu jinya da 'yan dubiya. Ba zai faɗi gaskiya ba sai an keɓe shi, an tabbatar masa maganar ba za ta fita daga ɗakin ba, kuma tambayar ta haɗa da tiramol da kodin, ba giya kaɗai ba.