Ma'anar gilaikofurotin, da aikin da yake yi a ɓawon ƙaguwa

Kalmar tana da nauyi a baki, amma idan aka raba ta biyu sai ta yi sauƙi. "Gilaiko" daga harshen Girka ta samo asali, ma'anarta zaƙi, masana kimiyya kuma suna nufin sukari da ita. Furotin kuwa sananne ne, shi ne sinadarin gina jiki da ke cikin nama da wake da ƙwai. To gilaikofurotin furotin ne mai 'yan sarƙoƙin sukari maƙale a jikinsa. Mu ma muna da shi: yauƙin majina da santsin miyau duk aikinsa ne.

Inda ya fi ba ni mamaki shi ne ɓawon ƙaguwa. Wanda ya taɓa ɓawon zai ɗauka dutse ne zalla, alhali abubuwa uku ne suka haɗu. Akwai kalsiyam kabonet, irin na ɓawon ƙwai, shi ke ba da tauri. Akwai kaitin, wani zare mai ƙarfi da Bafaranshe Henri Braconnot ya fara ganowa a 1811 a naman kaza, wato tsiron nan laimar kwaɗi; kaitin ɗin kuma shi ne ke jikin farar da muke soyawa. Na ukun furotin ne iri-iri, ciki har da masu sukarin nan. Furotin ke naɗe zaren kaitin, a shimfiɗa su hawa-hawa, kowane hawa ya ɗan karkata daga na ƙasansa. Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Yves Bouligand, ya bayyana wannan tsari a 1965, shi ya sa ake kiran tsarin da sunansa. Idan ɓawon ya tsage, tsagar ba ta samun miƙaƙƙiyar hanya. Maginin da ke kwaɓa laka da ciyawa ya san wannan dabara.

Amma fa ɓawo ba ya girma. Dole ƙaguwa ta yi saɓa kamar maciji. Tun kafin ta tuɓe tsohon, ta riga ta ƙera sabo a ƙarƙashinsa, kuma tilas sabon ya zauna da laushi har ta fito, ta sha ruwa ta kumbura ta buɗa shi. Da zai daskare da wuri, da ta maƙale ta mutu a ciki. To me ke hana shi tauri, ga kalsiyam a jininta?

Masu bincike a Jami'ar North Carolina da ke Wilmington a Amurka sun bi wannan tambaya a shekarun 1990, a jikin shuɗiyar ƙaguwa ta gaɓar tekun Atlantika. Sun ga cewa cikin sa'o'in farko bayan saɓa, gilaikofurotin ɗin sabon ɓawo suna sauya kama, daga nan ne kalsiyam ke fara zama. Fassararsu ita ce waɗannan furotin masu gadi ne, suna tare gurbin da ƙwayar dutse za ta tsiro har sai lokaci ya yi.

Fatar gaɓoɓin ƙafa kuwa ba ta taɓa yin tauri, furotin ɗinta ma daban ne, da haka ƙaguwa ke iya lanƙwasa ƙafa. Masunta a jihar Maryland ta Amurka suna fakon wannan ɗan lokaci na laushi: da ƙaguwa ta yi saɓa sai su tsame ta daga ruwa kafin kalsiyam ya zauna, a soya ta a cinye har da ɓawon.