Wurno

Wurno gari ne a Jihar Sakkwato, arewa maso yammacin Najeriya, kuma shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Wurno. Yana arewa maso gabas da birnin Sakkwato, tazarar kimanin kilomita 40. A yau garin manoma ne, amma a ƙarni na 19 ribaɗi ne na Daular Usmaniyya, wato gari mai ganuwa na tsaron iyaka, inda sarakunan Musulmi da dama suka zauna, har baƙi suka riƙa ɗaukarsa babban birnin daula. A nan hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake.

Yanayin ƙasa

Garin yana kan tudu mai duwatsu, yana kallon fadamar Gulbin Rima. Da damina gulbin kan cika ya malale fadamar, da rani ya janye ya bar ƙasa mai danshi. Wannan haɗin tudu da fadama shi ya yi garin: tudun ya ba da tsaro, fadamar ta ba da abinci da wurin kiwon dawaki. Ruwan sama kan sauka daga Yuni zuwa Satumba. Hunturu na zuwa daga Nuwamba, sannan a Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40.

Kafuwar ribaɗi

Bayan rasuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1817, ɗansa Muhammadu Bello ya gaji daular da gefenta na arewa da gabas bai kwanta ba. An ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, tun 1808, amma Gobirawa ba su miƙa wuya ba, Katsinawan da suka koma Maraɗi suna kawo hari, wasu Azbinawa kuma yau suna tare da Sakkwato, gobe suna tare da abokan gabanta. Kwarin Rima shi ne hanyar da mahara ke bi su iso Sakkwato.

Maganin da Bello ya ga ya dace shi ne ribaɗi, wato gari mai ganuwa a bakin iyaka, inda mayaƙa ke zaune da iyalansu, suna noma, suna karatu, suna tsaron hanya. Ya fara zama a Magariya, kusa da inda Wurno take, kuma a can Baturen Ingila Hugh Clapperton ya same shi a 1826. Daga baya ya gina Wurno. Masana sun saɓa a kan shekarar, amma akasari suna sanya ta tsakanin 1827 da 1830.

Ba yaƙi kaɗai Bello ya nufa ba. Ya so Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya, su rage yawo da shanu, su kama noma da kiwon dawaki da raƙuma, 'ya'yansu su samu karatun addini. Ya jawo malamai da masu sana'a, aka kuma zaunar da bayi da yawa a gonakin da ke kewaye. Sauran ribaɗoɗin yankin, irin su Gandi da Lajinge da Shinaka, a kan wannan tsari aka kafa su, aka damƙa su ga 'ya'ya da 'yan uwan Sarkin Musulmi.

A 1836 Bello ya ci nasara a yaƙin Gawakuke a kan haɗin gwiwar Gobir da Maraɗi da Azbinawa, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali. Bai daɗe bayan haka ba. Ya rasu a Wurno a watan Rajab 1253, daidai da Oktoba 1837, aka yi masa sutura a garin, ba a kai shi kusa da mahaifinsa a Sakkwato ba.

Fadar sarakunan Musulmi

Abubakar Atiku, wanda ya gaji Bello, bai mai da Wurno mazauninsa ba. Aliyu Babba ɗan Bello, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, shi ya dawo da fada garin mahaifinsa. Daga nan abin ya zama kamar al'ada: idan sarauta ta faɗa gidan Bello, Wurno ta cika da fadawa da jakadun sarakuna masu kawo gaisuwa daga Kano da Zazzau da Bauchi da Adamawa, idan ta koma wani gida, garin ya yi sanyi. Ahmadu ɗan Atiku, alal misali, a Cimmola ya fi zama. Sakkwato dai ba ta taɓa rasa matsayinta na garin Shehu ba, kuma kasuwarta ta fi ta Wurno girma.

Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a Wurno a 1853, zamanin Aliyu Babba, ya sake biyowa a 1854 a kan hanyarsa ta dawowa daga Tumbutu. Ya ƙiyasta mutanen garin sama da 10,000, ya kuma lura da yadda fargabar harin Gobirawa ba ta rabu da yankin ba.

A 1885 Joseph Thomson ya zo Wurno a madadin kamfanin Ingila da daga baya ya zama Royal Niger Company, ya ce ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu. Kamfanin ya ɗauka an ba shi iko a bakin Kwara da Binuwai; Sakkwato ba ta yarda da wannan fassara ba.

Sarkin Musulmi na ƙarshe da ya zauna a Wurno shi ne Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ko da yake shi daga gidan Atiku ya fito. Ya hau a 1891, ya rasu a 1902. A Maris 1903 Turawa suka ci Sakkwato, fada ta tabbata a can, Wurno ta koma garin hakimi.

Jama'a

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum kimanin 162,000 a faɗin ƙasa kusan murabba'in kilomita 685. Adadin ya haɗa da garin Acida da ƙauyukan fadama, ba garin Wurno kaɗai ba. Mazauna Hausawa ne da Fulani, kusan dukkansu Musulmi, kuma Hausar Sakkwatanci ake yi.

Noma da kasuwanci

Da damina ana shuka gero da dawa da wake a tudu, shinkafa a fadama. Noman rani ne ya fitar da sunan garin a kasuwanni, musamman albasa da tafarnuwa, waɗanda 'yan kasuwa ke lodi zuwa kudancin ƙasar. Ana ban ruwa daga madatsar Lugu da kuma ruwan da ake saki daga madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984. Ambaliyar 2010 ta yi ɓarna sosai a kwarin Rima, gonakin Wurno na cikin waɗanda ruwa ya ci. Akwai masunta a bakin gulbi.

Mulki

Sarautar gargajiya ta garin ita ce Sarkin Sudan na Wurno, ƙarƙashin Majalisar Sarkin Musulmi. Cikin waɗanda suka riƙe ta akwai Alhaji Shehu Malami, tsohon jakadan Najeriya a Afirka ta Kudu, wanda ya rasu a 2022. Wurno da Raba suna da kujera ɗaya a Majalisar Wakilai, kuma suna cikin mazaɓar Sanatan Sakkwato ta Gabas. A shekarun baya-bayan nan hare-haren 'yan bindiga da suka addabi gabashin jihar sun taɓa wasu ƙauyukan ƙaramar hukumar.