Kapkek a gida: amsoshin tambayoyin da aka ishe ni da su

Da Sallah ta ƙarato, ko aka shiga lokacin bukukuwa, tambayoyin nan ne dai suke dawowa, kuma yawanci da daddare, ana gobe taro. Na tara su wuri guda. Wadda ta sake yi min ɗaya daga ciki, wannan zan miƙa mata.

Anti, don Allah ki ba ni ma'auni mai sauƙi.

Bota giram 250, sukari giram 250, fulawa giram 250, ƙwai 5 matsakaita, bakar hoda (hodar da ke sa kek ya tashi) ƙaramin cokali 2, madara babban cokali 3, filebo, da ɗan gishiri. Zai ba ki kamar guda 24. Obin a kan 180 na ma'aunin Celsius, minti 18 zuwa 22. Shi ke nan.

Ba ni da sikeli. Zan iya aunawa da gwangwani?

Za ki iya, amma ki sani gwangwanin fulawa da gwangwanin sukari ba nauyinsu ɗaya ba. Kofin awo na fulawa kusan giram 125 ne, na sukari kuwa 200. Kenan fulawa kofi 2, sukari kofi 1 da kwata. Botar leda mai giram 250 ta zo a aune, ki juye ta duka. Kar ki danna fulawa a kofi, ki zuba da cokali ki share bakin da wuƙa.

Amma fisabilillahi, mace ta sayi leshi ta yi ɗinkin anko, sikelin kicin ne ya gagare ta? Kuɗinsa bai kai na botar da ƙwan da za ki zubar a kwaɓi biyu da suka lalace ba.

In sa yis maimakon bakar hoda?

A'a. Fanke za ki yi?

Nawa ya tashi da kyau, sai ya lotsa a tsakiya.

Kin buɗe obin. Na san za ki ce ba ki buɗe ba, leƙawa kawai kika yi. Leƙawar ce. Minti 15 na farko kar ki taɓa ƙofar, domin cikin kek ɗin bai kama jikinsa ba, iska mai sanyi na shiga sai ya zauna. In da gaske ba ki buɗe ba, to ko kin cika bakar hoda, ko kin fitar da shi bai gasu ba. Ki soka tsinken sakace a tsakiya, in ya fito da danƙo ki mayar.

Ba ni da injin bugawa.

Muciya da roba mai zurfi sun isa. Ki buga bota da sukari su kaɗai har su yi fari su yi sakayau, da hannu zai ci minti 15 ko 20, kuma kafaɗa za ta gaya miki. Iskar da kika shigar a wannan bugun ita ce rabin tashin kek ɗin. In sukarinki mai manyan ƙwayoyi ne, ki ɗan daka shi a turmi mai tsabta tukuna, ba turmin da aka daka yaji ba. Ƙwai ɗaya bayan ɗaya, kowanne ki fasa shi a wani kofi daban kafin ki zuba, saboda ruɓaɓɓe guda ya isa ya jawo miki asarar kwaɓin gaba ɗaya.

Da fulawa ta shiga, bugu ya ƙare. Juyawa kawai za ki yi a hankali har farin ya ɓace. Fulawar alkama idan ta jiƙa aka ci gaba da dukanta danƙo take yi, shi ya sa wasu kek ɗin sai an ja da haƙori.

Filebo da giya a ciki, gaskiya ne?

Wani akwai, wani babu. Tatacciyar banila ta asali irin ta Amurka dokarsu ta ce sai da kashi 35 cikin 100 na sinadarin barasa a cikinta. Akwai na gari, akwai kuma na ruwa da aka rubuta babu. Ki karanta jikin kwalba kafin ki biya. Hukuncin kuwa ki kai wa malamai, ni kek na iya.

Ba ni da obin kwata-kwata.

Kwantar da hankalinki, 'yar uwa, an daɗe ana gasa kek da gireba a garin nan ba da obin ba. Ki samu tsohuwar tukunya mai faɗi da kauri, wadda ba za ki yi kukanta ba. Ki zuba yashi wankakke busasshe, kaurin yatsu biyu, ko gishiri in yashin ya yi wuya. Ki ɗora ƴar waya ko tsakuwa masu faɗi a kai don kar gwangwanin kek ɗin ya zauna kan yashin kai tsaye. Ki rufe ta yi zafi minti 10 zuwa 15 kafin ki saka komai.

Inda ake faɗuwa shi ne wutar ƙasa. Ana cika ta, sai gindi ya ƙone sama yana ɗanye. In gawayi ne, ki bar kaɗan a ƙasa, ki kwashe garwashi ki baza a kan murfi. In gas ne, ki rage shi can ƙasa. Don gwaji, barbaɗa ƴar fulawa a murfin gwangwani ki saka: in ta yi ja a hankali cikin ƴan mintuna, zafin ya yi, in ta yi baƙi nan take, ki rage. Kuma takardar kapkek ba ta tsayuwa ita kaɗai, sai a cikin gwangwani, in ba haka ba ta baje.

Sunan ƙanwata ranar Asabar ne, ina son guda 100 da ado a kai, kuma wutar unguwarmu ba ta da tabbas. Yaushe zan gasa?

To, wannan ita ce tambayar da ba ta da amsa guda, duk wadda ta ba ki amsa guda ba ta tambaye ki wane wata ake ciki ba.

Mu fara da kek ɗin shi kaɗai, ba ado. Na bota, in ya huce sarai kika rufe shi a roba mai murfi, yakan yi kwana biyu, wani lokaci uku, da daɗinsa. Na man gyaɗa ya fi shi jure wa kwana, domin mai ba ya daskarewa, shi ya sa yake zama da laushi. Sai dai ƙamshinsa bai kai na bota ba, kuma wasu na jin bambancin. Idan da ni ce, ranar Alhamis da yamma ko Juma'a da safe zan gasa, in yi ado daren Juma'a ko asubar Asabar. Amma wannan ma ya danganta da yawan da obin ɗinki ke ɗauka. Mai cin 12 a zubi ɗaya, guda 100 zubi tara ne, kusan awa huɗu ke nan in an haɗa da jira, ban da kwaɓi da wanke-wanke. Mai tukunya da yashi ta ƙara a kan haka. Kada kuma ki kwaɓa duka lokaci guda ki ajiye yana jiran layi, bakar hoda tana fara aiki ne tun da ta taɓa ruwa. Ki riƙa kwaɓa na zubi biyu-biyu.

Sai yanayi. A hunturu, Disamba da Janairu, matsalarki bushewa ce: ki bar shi a buɗe awa biyu sai samansa ya yi tauri. Maganinta ki tafasa ruwa da sukari daidai wa daida, ya huce, ki ɗan shafa a saman kowanne kafin ki rufe. Ɗan shafawa na ce, ba jiƙawa ba. A damina kuwa, musamman Agusta, danshi ne abokin gaba: kek ya fi saurin yin funfuna, fondan kuma, wato ƙullin sukarin da ake murzawa a lulluɓe kek da shi, ya yi ta gumi yana naso, kalar tana zuba. Kwana biyu kar ki wuce.

Bazara ita ce babbar magana. Bota tana narkewa tun daga awo 32 zuwa 35, Kano da Sakkwato da Maiduguri kuwa a watan Afrilu zafi na kai 40 har ya wuce. Ki yi lissafin da kanki. Furen da kika matsa da aisin, wato kwaɓin adon saman kek, na bota zalla ba zai kai azahar a tsaye ba, balle a ɗakin mai jego da ya cika da mata. Majarin ta fi bota jurewa kaɗan. Farin man gasa kek da ake kira shotnin ya fi su duka, sai dai yana barin maiƙo a harshe, don haka wasu kan yi rabi da rabi. Ma'aunin da aka saba shi ne kashi ɗaya na mai, kashi biyu na aisin shuga. A zafi za ki iya ƙara sukarin da babban cokali ɗaya ko biyu na kwanfulawa don ya yi ƙarfi. Zai taimaka, ban ce zai hana narkewa ba.

Kirim ɗin madara da ake bugawa ya kumbura, ko mai cukwi, in ba ki da firij mai sanyi tun daga gida har wurin taro, ki haƙura da shi. Ba maganar kyau ba ce kawai, maganar ciki ce. Bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba, a tsananin zafi ma awa ɗaya. Gidan suna akwai yara, akwai tsofaffi, akwai mai jego. Haka aisin ɗin da ake yi da ɗanyen farin ƙwai: yana bushewa ya tsaya kyam, ba ruwansa da rana, amma ɗanyen ƙwai ne. In za ki yi shi, ki nemi garin farin ƙwai na masu kayan kek.

Firij kuma, nan ma da sauƙi da wuya. Kek marar ado ba ya son firij, sanyin yana sa shi saurin tsufa ya yi gari-gari, ga shi yana kwashe warin duk abin da ke ciki, daga daddawa har ragowar miyar kifi. Firiza ta fi: in kika naɗe shi da kyau yana wata biyu lafiya. Amma fa firizar da ke daskarewa ba yankewa. Wadda wuta ke zuwa mata awa uku ta tafi, ta daskare ta saki ta sake daskarewa, gara kan tebur a roba.

To me zan ce miki? In bazara ce kuma ba wuta, ni shawarata ki bar tulin aisin. Ki barbaɗa aisin shuga ta rariya, ko ki dama shi da ɗan ruwan lemon tsami ki zuba siriri a kai ya bushe, ki watsa ƴan kwalliya masu kala, ki soka ɗan kati a tsinke. Tunda ba a faɗin suna sai an raɗa, ki rubuta "Barka da suna" kawai. In kuwa uwar jariri ta kafe sai fure, ki tafi da aisin ɗin a kula da ƙanƙara, ki matsa a can, rabin awa kafin a fara rabo. Ko hakan ma ban ɗaukar miki alkawari ba.

Takardar tana saki daga jikin kek ɗin.

Kin rufe shi da zafinsa, tururi ya jiƙa ta. Minti 5 a gwangwani, sannan ki fito da shi ya sha iska har ya huce.

Nawa ya yi tsini ya tsage, ko ya zubo gefe.

Tsini da tsagewa: wuta ta yi yawa. Zubowa: kin cika. Kashi biyu cikin uku na takardar, ba ƙari. In ba ki yarda da lambar da ke jikin obin ɗinki ba, kuma bai kamata ki yarda ba, ki sayi ɗan ma'aunin zafi ki rataya a ciki.

Bakar hodata ta daɗe, tana da rai?

Rabin ƙaramin cokali a ruwan zafi. In ta yi kumfa nan da nan, tana nan. In ta kwanta shiru, zubar.

Zan iya sa kapkek a gara maimakon dubulan da alkaki?

Ki sa shi ƙari, kar ki sa shi madadi. Ba don al'ada kawai ba. Dubulan da alkaki an soya su an tsoma a sukari ko zuma, suna makonni ba abin da ya same su, nakiya ma ta fi su daɗewa. Gara kuwa rabo ake yi, wani kason sai ya kwana uku kafin ya isa hannun gwaggon ango da ke wani gari. Kapkek ɗinki kafin nan ya bushe ko ya yi tsami, kuma sunan gidanku za a kira, ba na mai gashi ba. Ki kai shi wurin kamu ko walima, inda za a cinye a ranar.

Mahaifiyata na da ciwon suga, in sa zuma a nata?

Zuma ma sukari ce, fulawar kanta ma tana ɗaga shi. Allah Ya ba Hajiya lafiya. Ki tambayi likitanta abin da za ta iya ci, kar ki tambaye ni.

Na ga wani sabon haɗi mai kyau, in gwada shi a bikin?

A bikin? Ki gwada mako guda kafin nan, da ƙwai biyu da giram 100 na kowanne, yaran gida su cinye su gaya miki gaskiya. Ranar biki abin da hannunki ya sani za ki yi.

Nawa zan sayar da guda ɗaya?

Ki rubuta kuɗin komai, har takarda da kwali da gas da kuɗin adaidaita sahu zuwa kasuwa, ki raba da yawan da kika samu, ki ɗora ladan hannunki. Farashin fulawa da ƙwai ba ya zama wuri guda, don haka duk sayayya ki sake lissafi. Ƴan uwa ma su biya, ko da kuɗin kayan ne, kuma kafin ki kunna wuta.

Anti, za ki iya yi min guda 200 zuwa gobe da safe?

A'a.