Jinin ɓera ba ya nuna CA 19-9

Ana iya zaton duk alamar sankarar fankiriyas (wata gaɓa a ciki da ke taimaka wa narkar da abinci) da ake aunawa a jinin mutum za a same ta a jinin ɓeran gwaji. Ba haka ba ne. CA 19-9, wadda likitoci suka fi dogaro da ita, wani nau'in sukari ne da ke maƙale a jikin furotin, kuma ɓera ba shi da ƙwayar gado ta FUT3 mai aiki da za ta haɗa shi. Ko ƙari ya cika masa ciki, awon ba zai nuna komai ba.

Sai a 2019 masu bincike a cibiyar Cold Spring Harbor da ke Amurka suka dasa wa ɓeraye ƙwayoyin gado na FUT3 da B3GALT5 na mutum. Alamar ta fito, amma ta kumbura musu fankiriyas, ta kuma hanzarta sankarar. Ashe ita ma tana da hannu a cutar.

Wata matsalar awon kuma, jinin ɓera kaɗan ne. Ɓera mai giram 25 jininsa bai kai mililita 2 ba, kuma ba a ɗibar fiye da kashi 10 cikin ɗari lokaci guda. In aka matse wutsiya da ƙarfi, jajayen ƙwayoyin jini su fashe, samfurin ya lalace.