Farfaɗowar McLaren a tseren Formula 1 (2023–2024)

McLaren ƙungiyar tseren motoci ce ta Formula 1 mai mazauni a garin Woking na Ingila. Bruce McLaren, ɗan ƙasar New Zealand, shi ya kafa ta a 1963. A farkon kakar 2023 motarta tana cikin 'yan baya, ko maki ɗaya ba ta samu ba a tseren Baharain da na Saudiyya. A ƙarshen 2024 kuwa ita ta ɗauki kambun ƙungiyoyi da maki 666, Ferrari na biye da 652, karo na farko tun 1998. An fi jingina wannan sauyi ga sabon zauren gwajin iska da ta gina, wato wurin da ake hura wa samfurin mota iska don auna yadda take bi ta jikinsa, amma jerin abubuwan da suka faru ya nuna motar ta fara gyaruwa tun kafin zauren ya soma aiki.

Shekarun koma-baya

Daga 2015 zuwa 2017 McLaren ta yi amfani da injin Honda, wanda ba shi da ƙarfi kuma yana yawan mutuwa a hanya. Ta ƙare ta tara a 2015 da 2017. A lokacin injin aka ɗora wa laifi kacokan, ana cewa jikin motar ba shi da matsala. Da aka koma injin Renault a 2018 sai asiri ya tonu: Red Bull da ke amfani da injin kamfani ɗaya ta ci tsere huɗu, McLaren kuwa ta tsaya ta shida. Wannan shekarar ce ta tilasta wa ƙungiyar ta duba gida.

Zak Brown ya zama shugaban kamfanin tseren a 2018. Andreas Seidl ya karɓi ragamar ƙungiyar a 2019, kuma a zamaninsa aka amince da gina sabon zauren gwajin iska. Annobar korona ta jefa kamfanin cikin matsin kuɗi, har a Disambar 2020 ya sayar da wani kaso ga MSP Sports Capital ta Amurka, a 2021 kuma ya sayar da ginin hedikwatarsa ya ci gaba da zama a ciki a matsayin ɗan haya. A 2021 ɗin ne ya koma injin Mercedes.

Yadda iska ke riƙe mota

Duk direban da ya taɓa miƙa hannu ta taga a kan gadar Third Mainland ta Legas ya san iska tana da nauyi: ka karkata tafin hannu ƙasa ta danna shi, ka miƙar da shi tsaye ta tura shi baya. Motar Formula 1 tana neman dannin, domin shi ke manna taya da kwalta a kwana, tana kuma gudun turawar, domin ita ke cin gudu a miƙaƙƙiyar hanya.

Dokokin 2022, waɗanda suka yi aiki har 2025, sun mayar da mafi yawan dannin zuwa ƙarƙashin mota. A motocin wancan lokacin akwai ramuka biyu a faifan ƙasa da ke matse iska ta ƙara sauri, matsinta ya ragu, motar ta tsotsu zuwa ƙasa. Gwargwadon kusancin faifan da kwalta, gwargwadon ƙarfin dannin. Matsalar ita ce idan ya matso fiye da kima sai iskar ta katse, motar ta ɗaga, iskar ta dawo, ta sake dannewa, a shiga tsalle-tsallen da ke jijjiga direba yana lalata taya. Shi ya sa sifirin da shokazoba suka zama rabin aikin iska: bakanike a Agege yana gyara su ne don motar ta sha ramuka, a nan kuwa aikinsu su riƙe tsayin motar kada ya motsa da fiye da 'yan milimita idan an taka birki ko totur. Akwai kuma allo mai kaurin milimita 10 a ƙasan kowace mota. Idan bayan tsere ya gaza milimita 9 ana soke sakamakon, kamar yadda ya faru da motocin McLaren duka biyu a Las Vegas a 2025.

Gyaran 2023

A 2023 an ɗaga gefen faifan ƙasa da milimita 15, kuma tsarin da McLaren ke bi ya yi asarar danni sosai. Andrea Stella, injiniya ɗan Italiya da ya gaji Seidl a Disambar 2022, ya faɗa a fili tun ranar ƙaddamar da MCL60, motar McLaren ta 2023, cewa motar ba ta kai inda aka so ba. A watan Maris aka rabu da daraktan fasaha James Key, aka raba aikinsa gida uku. Mafi tasiri shi ne mayar wa Peter Prodromou cikakken iko a kan sashen iska. Tsohon hannu ne, ya yi aiki da fitaccen mai ƙirar motocin tsere Adrian Newey a McLaren da Red Bull. Neil Houldey ya riƙe ɓangaren ƙira. Rob Marshall daga Red Bull bai fara aiki ba sai Janairun 2024, don haka ba shi da hannu a gyaran farko.

A tsere takwas na farko maki 17 kacal aka tara. A Ostiriya aka sa wa motar direbanta Lando Norris sabon faifan ƙasa, sabbin gefuna masu gangara da ke kai iska zuwa baya, da sabon murfin inji. Ya zo na huɗu. Mako guda bayan haka a Silverstone ta Ingila ya zo na biyu, ɗayan direban McLaren, Oscar Piastri, na huɗu. Wani gyaran ya biyo baya a Singafo. An rufe kakar a matsayi na huɗu da maki 302. A Katar ma'aikatan suka canza tayoyi huɗu cikin daƙiƙa 1.80.

Zauren gwajin iska

Daga wajajen 2010 zuwa 2023 McLaren ta riƙa hayar zauren Toyota da ke birnin Kolon na Jamus. Doka ta ce ana gwada samfurin mota ne wanda bai wuce kashi 60 cikin ɗari na girman ta gaske ba, da iskar da ba ta wuce mita 50 a daƙiƙa ba. Duk ƙaramin fiffiken da aka ƙera a Woking sai an loda shi an tsallaka da shi teku, kamar a ce garejinka yana Legas amma na'urar aune-aunenka tana wata ƙasa. Kwanaki suna tafiya a hanya. Sabon zauren na Woking ya soma aiki a rabin ƙarshe na 2023, tare da sabuwar na'urar kwaikwayon tuƙi. Amma gyaran Ostiriya a Kolon aka gwada shi. Amfanin sabon zauren ya fi bayyana a 2024, wajen saurin aiki da kuma daidaituwar abin da aka auna da abin da motar ta yi a fili.

Dokokin kuɗi da gwaji

Daga 2021 an ƙayyade abin da ƙungiya za ta kashe a shekara: dala miliyan 145, aka rage zuwa 140, sannan 135 a 2023, ban da albashin direbobi. Lokacin gwajin iska ma ana raba shi ne bisa matsayi. Ta ɗaya tana samun kashi 70 na ma'auni, ana ƙara biyar-biyar har zuwa 115 ga ta goma. McLaren ta shiga 2023 da kashi 90, Red Bull kuwa da 63 saboda hukuncin wuce iyakar kuɗi. An kuma daskarar da ƙirar injuna daga 2022 zuwa 2025, doka ta wajabta a ba mai saye irin injin da kamfani ke sa wa motarsa. Giyar motar dai McLaren da kanta take ƙerawa.

Kakar 2024

A Mayami, ranar 5 ga Mayu, aka kawo babban gyara: fiffiken gaba, faifan ƙasa, gefuna da tsarin sifirin. Ya magance tsohuwar cutar motar, wato rashin riƙo a kwana mai tafiyar hawainiya. Norris ya ci tserensa na farko a ranar, kodayake fitowar motar kiyaye haɗari ta taimaka masa. Abin da ya bambanta McLaren shi ne ba ta gaggawar ɗora sabon kaya. Faifan da Ferrari ta kawo a Sifaniya ya dawo mata da tsalle-tsalle, Mercedes ta cire nata a Beljiyam, Red Bull ta yi fama da rashin daidaito tsakanin gaba da baya.

Direbobi biyu masu kawo maki su ne suka rufe lissafin. Norris ya samu 374, Piastri 292. Max Verstappen na Red Bull ya ci kambun direbobi da 437, amma abokinsa Sergio Pérez 152 ya kawo, Red Bull ta faɗo ta uku. McLaren ta sake riƙe kambun a 2025, tun a Singafo.

Ce-ce-ku-ce

Bayan nasarar Piastri a Baku, hotuna sun nuna fiffiken baya yana ɗan buɗewa a tsananin gudu. Ya tsallake gwajin FIA, hukumar da ke kula da tseren, duk da haka McLaren ta amince ta sauya shi. An tsaurara gwajin lanƙwasar fiffike a 2025.

Kallo a Legas

Ana nuna tseren a tashar SuperSport. Galibin na Turai suna farawa da ƙarfe biyu na ranar Lahadi agogon Najeriya, lokacin da ya kan ci karo da wasannin Firimiya a gidajen kallo.