Zaɓen kamshaf ga injin da aka ƙara wa ƙarfi: tambayoyi da amsoshi

Mene ne sabon kamshaf yake sauyawa a aikin inji?

Kamshaf sandar ƙarfe ce mai tozaye, kuma tozayen ne suke danna bawul ya buɗe don iska da mai su shiga silinda, ko hayaƙi ya fita. A inji mai zagaye huɗu, kiranshaf, wato sandar da fistan yake juyawa, yana juyawa sau biyu kafin kamshaf ya juya sau ɗaya. Abin da masu saye da yawa ba su lura da shi ba shi ne, babban kamshaf, wato wanda yake daɗe da barin bawul a buɗe, ba ya ƙara ƙarfi a kowane gudu. Ɗauke ƙarfin yake yi daga ƙasa ya kai shi sama, inda injin yake juyawa da sauri, don haka motar da ta samu ƙarfi a juyi 6,000 a minti tana iya zama raggwa a juyi 2,000, wato daidai inda ake tuƙin yau da kullum.

Waɗanne lambobi ne ya kamata a duba a takardar kamshaf?

Na farko shi ne tsawon lokacin da bawul yake zama a buɗe, ana lissafa shi da digirin juyin kiranshaf. Kamfanoni suna buga lamba biyu: wadda suke talla da ita, da wadda aka auna daga lokacin da tafet, wato ƙarfen da yake bin tozo ya miƙa motsinsa ga bawul, ya ɗaga da inci 0.050. Ta biyun ce abin dogaro, domin kowane kamfani da inda yake fara auna ta farkon, amma ta biyun ma'auni ne da masu ƙera kamshaf a Amurka suka daidaita a kai. A injin Chevrolet 350 mai lita 5.7, wanda ya fara fitowa a 1967 kuma har yanzu masu gyaran inji suke yawan aiki a kansa, digiri 210 zuwa 220 ya dace da motar titi, 230 zuwa 240 ya fara neman wasu sauye-sauye a jikin motar, abin da ya wuce 250 kuwa na filin tsere ne.

Na biyu shi ne nisan buɗewar bawul, wanda ake samu idan aka ninka tsayin tozo da ƙimar hannun da yake danna bawul. A wannan injin ƙimar 1.5 ce, saboda haka tozo mai inci 0.300 zai buɗe bawul da inci 0.450. Sai dai idan hanyoyin iskar kan injin sun riga sun kai iyakarsu, ƙarin buɗewa ba zai shigar da ƙarin iska ba, wahalar da sifirin da yake rufe bawul kawai zai yi.

Me ya sa wasu motocin suke kakkarwa a sulo bayan an sauya kamshaf?

Dalilin shi ne ɗan lokacin da bawul ɗin shiga da na fita suke buɗe tare. Yawansa ya danganta da tsawon buɗewa da kuma tazarar da take tsakanin tozon shiga da na fita, wadda galibi take tsakanin digiri 106 da 114. Idan tazarar ta matse, wannan lokaci yana ƙaruwa. A babban gudu hakan alheri ne, domin hayaƙin da yake fita yana janyo sabuwar iska a bayansa, amma a sulo hayaƙi yana komawa cikin silinda ya gurɓata ƙunar mai, sai a ji wannan ƙara mai tsalle-tsalle da matasa suke sha'awa. Tana da farashi: zuƙar iskar injin tana raguwa, kuma da wannan zuƙar ce na'urar taimakon birki take aiki, don haka birki yana iya yin tauri a ƙafa. A ganina, duk wanda ya zaɓi kamshaf saboda ƙara kaɗai ya sayi wahalar da zai riƙa sha a kowane cunkoso. Injin da yake da tabo (turbo) kuwa, wato na'urar da take tura ƙarin iska cikin inji da ƙarfin hayaƙi, ya fi son tazara mai faɗi, musamman idan matsin hayaƙi ya fi matsin iskar da take shiga.

Shin za a iya sauya kamshaf kaɗai a bar sauran kayan yadda suke?

Idan ƙarami ne, wani lokaci ana iyawa. Idan babba ne, ba a iyawa. Dogon buɗewa yana jinkirta rufewar bawul ɗin shiga har sai fistan ya yi nisa da hawa, wanda hakan yake rage matsin da ake samu a ƙaramin gudu, shi ya sa ake ɗaga ƙimar matsin injin don cike giɓin. Dole ne sifirin ya dace da kamshaf, domin mai rauni yana barin bawul ya kasa bin tozo a babban gudu, wanda bai da isasshen fili kuma zai dunƙule ya karya wani abu. Ana kuma auna ratar da take tsakanin fistan da bawul, inda aka saba barin aƙalla inci 0.080 a ɓangaren shiga da 0.100 a ɓangaren fita. Mota mai giya otomatik tana bukatar konbata, wato na'urar da take haɗa inji da giya, wadda take barin injin ya ɗan hau kafin ta kama, mota mai allurar mai kuma sai an sake saita kwamfutarta.

Wanne ya fi, tafet mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ko mai ƙaramar taya?

Mai taya ya fi tsada, amma yana rage gogayya kuma yana ba da damar buɗe bawul da sauri. Mai shimfiɗaɗɗen ƙasa yana da araha, sai dai tayarwar farko ce take yanke masa hukunci: ana riƙe injin tsakanin juyi 2,000 da 2,500 na minti 20 zuwa 30, da man inji mai wadataccen sinadarin zinki, ba a barinsa a sulo. Ba a kuma ɗora tsohon tafet irin wannan a kan sabon kamshaf.

To, ta ina mai saye zai fara?

Ya fara da rubuta gaskiyar motarsa: girman injin, ƙimar matsi, irin kan injin, nauyin motar, giyarta, da gudun da ya fi yawan tuƙi a kai. Kamfanoni irin su Comp Cams da Crower suna ba da shawara bisa waɗannan bayanai. Kamshaf ɗaya yana yin laushi a babban inji, ya yi tsanani a ƙarami, don haka kwaikwayon zaɓin wani ba hujja ba ce. Idan zaɓi ya tsaya tsakanin biyu kuma motar ta titi ce, a ɗauki ƙaramin, sannan lokacin ɗaurawa a sa bakanike ya tabbatar da saitinsa da faifan digiri, kada a dogara da alamomin sarƙar da take juya kamshaf kaɗai.